Laushin Markaɗe: Awon Da Babu Shi A Takardun Kwangilar Gwamnati

A watan Mayun 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar fifita kayan gida, wadda ta umarci ma'aikatu da hukumomi su daina sayo daga waje abin da ake iya samu a cikin ƙasa, sai da izinin Hukumar Kula da Sayayyar Gwamnati, BPP. Ba wannan ne karon farko ba. A watan Mayun 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya rattaba hannu a kan Umarnin Zartarwa na 003, wanda ya ware aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kuɗin sayayya a wasu rukunan kaya, ciki har da magunguna da kayan gini, ga abin da aka ƙera a gida. Manufofin biyu sun amsa tambayar wurin wa za a saya. Tambayar da ta fi wuya kuwa sun bar ta a kan teburin daraktan sayayya da jami'in sito: idan kayan sun iso bakin ƙofa, da wane ma'auni za a karɓe su?

Akwai awo guda da ya isa ya nuna girman wannan giɓi, kuma da wuya a ci karo da shi a takardar neman tayin kwangila, wato laushin markaɗe. Fentin da ake shafa wa Sakatariyar Tarayya da barikoki da kwalejojin gwamnatin tarayya, da maganin feshin da ake raba wa manoma da sunan tallafi, da wasu daga cikin magungunan ruwa da ake kai wa asibitocin koyarwa, dukkansu a asali abu ɗaya ne: gari mai tsananin laushi da aka warwatsa a cikin ruwa ko mai. Garin ba ya narkewa kamar yadda sukari ke narkewa a shayi. Yana nan a matsayin ƙwayoyi masu shawagi, kuma amfanin kayan ya dogara a kan girman waɗannan ƙwayoyi. Takardar kwangila kuwa takan faɗi launi, da yawan lita, da sunan kamfani “ko makamancinsa”, da farashi, sannan ta ja bakinta ta yi shiru.

Ba baƙon ilimi ba ne. Duk matar da ta kai wake markaɗe takan sa yatsu biyu ta murza ƙullun kafin ta biya, idan ta ji tsaki-tsaki ta ce a sake zubawa, domin ta san ƙosan ba zai tashi ba. Bambancin kawai shi ne a masana'anta ana aiki ne ƙasa da inda yatsa ke iya ji. Ma'aunin can shi ne maikron, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum yana kusa da maikron 70. Harshe yakan fara jin gurzar yashi a cakulan idan ƙwayoyinsa sun haura maikron 30 ko kusa da haka, shi ya sa masu sarrafa koko ke niƙa shi ƙasa da wannan. Farin sinadarin da ke ba fenti ikon rufe bango, titaniyum dayoksaid, yana aikinsa ne sosai idan ƙwayarsa tana tsakanin maikron 0.2 da 0.3.

Injin da ke kai gari wannan matsayi a yawancin masana'antun duniya shi ne injin markaɗe mai ƙwallaye. Tukunya ce rufaffiya ta ƙarfe ko tangaran, kwance ko tsaye, wadda ake cika kusan kashi huɗu cikin biyar nata da ƙananan ƙwallaye, wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar yashi. A tsakiyarta akwai sanda mai faifai-faifai da ke juyawa da gudun da gefenta ke cin mita goma ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Famfo yana tura ƙullun ta wani gefe, ƙwallayen na gugar juna suna murƙushe duk dunƙulen da ya faɗa tsakaninsu, a ɗaya gefen kuma akwai rariya da ke barin ƙullun ya wuce ta riƙe ƙwallayen. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fito da kakan wannan inji a farkon shekarun 1950, kuma da yashi na gaske yake aiki. Na yau, irin waɗanda Netzsch na Jamus da Bühler da WAB na Suwizalan ke ƙerawa, da masu sauƙin kuɗi daga Sin da Indiya, sun fi amfani da ƙwallayen zirkoniya, waɗanda nauyinsu ya ninka na ruwa kusan sau shida, alhali na gilashi sau biyu da rabi ne kacal. Har haƙar ma'adinai dabarar ta shiga: a shekarun 1990 kamfanin Mount Isa na Ostareliya ya haɗa kai da Netzsch suka ƙera IsaMill domin niƙa dutsen dalma da zinki zuwa kimanin maikron 7, saboda a ƙasa da wannan laushi ne kawai ma'adinin ke rabuwa da tarkace.

Mallakar injin ba ta tabbatar da komai. Sakamakon yana fitowa ne daga girman ƙwallayen, da nauyinsu, da gudun sandar, da kaurin ƙullun, da tsawon lokacin da ya yi a ciki, kuma kowanne daga cikinsu yana jan ɗan'uwansa. Idan aka rage faɗin ƙwallo da rabi, tukunya ɗaya za ta ɗauki ninki takwas na adadinsu, wuraren guga su ƙaru ƙwarai. Amma ƙarfin bugun kowane ɗaya ya ragu da kusan wannan ninki, ta yadda ba zai iya fasa babban dunƙule ba. Don haka wanda ya zuba garin da ba a dama shi da kyau ba tun farko a kan ƙananan ƙwallaye zai ƙone wuta a banza. Ƙwallayen kuma suna cinyewa. Abin da ya goge daga jikinsu a cikin kayan yake zama, wanda idan na ƙarfe ne yakan dusashe farin fenti, idan kuma magani ake yi ya zama gurɓataccen abu da dole a auna. Tsofaffin ƙwallaye da suka ƙanƙance ko suka fashe sukan toshe rariya, zafi ya tashi, kuma kusan duk wutar da injin ke sha zafi take komawa, sai an riƙa zagaya tukunyar da ruwan sanyi.

A nan ne batun ya daina zama na injiniyoyi kaɗai. A watan Afrilun 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kowane kilowat na awa ɗaya, ninki uku da ɗoriya na abin da ake biya kafin nan. Wanda ba ya samun wutar kuma dizal yake ƙonawa. Markaɗe aiki ne da farkonsa ke da araha, ƙarshensa ke da tsada: sauke gari daga maikron 50 zuwa 25 abu ne mai sauri, amma kowane mataki bayan nan yana cin lokaci da wuta fiye da na gabansa. Ƙwallayen zirkoniya da dala ake sayo su. Saboda haka mai masana'antar da aka matsa wa ya rage farashi yana da hanya mafi sauƙi a gabansa, wadda ba ta barin alama a jikin bokiti: ya yanke zagaye ɗaya ko biyu na markaɗe, ya ƙara wa tsofaffin ƙwallaye wata uku. Launi bai canza ba, nauyi bai canza ba, tambari na nan. Wanda ya ƙi bin wannan hanya farashinsa ya fi tsada, kuma a gaban kwamitin tantance tayi ba shi da wata hujja da takarda ta yarda da ita.

Abin takaici shi ne ma'aunin da zai bambanta su bai fi ƙarfin kasafin kowace ma'aikata ba. Ma'aunin Hegman ɗan allo ne na baƙin ƙarfe mai santsi, tsawonsa bai wuce taƙi ba, an sassaƙa masa tsagi wanda zurfinsa ke farawa daga maikron 100 a wani kai, ya riƙa raguwa har ya ɓace a ɗaya kan. Ana ɗiga fenti a wajen mai zurfi, a ja shi da makankari mai kaifi zuwa wajen da babu zurfi. Muddin tsagin ya fi ƙwayoyin zurfi, fentin yana kwanciya sumul. Da zarar an iso inda ƙwayoyin suka fi tsagin girma, sai su leƙo kamar ƙuraje ko su ja layi. A wannan wuri ake karanta lamba. A sikelin Hegman sifiri na nufin kimanin maikron 100, huɗu na nufin 50, shida 25, bakwai 12.5, takwas kuma sifiri; wato idan lambar ta ƙaru laushi ya ƙaru, abin da ke rikita sababbin shiga, kuma dalili ne mai kyau na rubuta maikron kai-tsaye a takardar kwangila. Ƙa'idojin ISO 1524 da ASTM D1210 sun tsara yadda ake yi: a karanta cikin 'yan daƙiƙu kafin fentin ya fara bushewa, a dubi allon ta gefe ana fuskantar haske, a maimaita a ɗauki matsakaici. Ba ya bukatar wuta ko intanet. Jami'in da aka koya wa da safe zai iya fara gwadawa da yamma, ko da yake ƙwarewar ido sai a hankali.

Ma'anar lambar a jikin gini ba ta da wuyar ganewa. Shafi ɗaya na fentin mai, bayan ya bushe, kaurinsa yakan kasance tsakanin maikron 25 da 40. Dunƙule mai maikron 50 ba shi da wurin ɓuya a cikin wannan fata. Dole ya fito sama. A jikin ƙofar ofis illarsa ita ce rashin sheƙi da kama ƙura, abin da za a iya haƙuri da shi. A jikin tankin ruwa, ko ƙarfen gadar masu tafiya da ƙafa, ko turken fitilar titi, kowane dunƙule wata 'yar ƙofa ce da danshi ke bi ya isa ga ƙarfe, kuma daga nan tsatsa ke cin ƙasa tana ɗaga fentin. Shi ya sa masu yin fenti mai sheƙi sukan nemi Hegman bakwai ko sama. Idan aka ga gyaran da aka yi a kasafin bara yana ɓarewa bayan damina ɗaya, akan ɗora laifin a kan mai shafi ko a kan rana. Sau da yawa nasu ne, domin rashin kankare tsatsa da tsarma fenti da kananzir sun kashe aiki da yawa. Sai dai babu mai iya cewa nawa ne nasu, nawa ne na injin markaɗe, tunda ba a auna ba ranar da kayan suka shigo.

Lissafin kuɗin ya fi shafar masu karanta fayil. Titaniyum dayoksaid daga waje ake shigo da shi, kuma shi ne ke cin kaso mafi girma a kuɗin farin fenti. Idan ƙwayoyinsa sun zauna a dunƙule, goma suna aikin ɗaya, an biya dala an sayo abin da ba ya rufe bango. A ɗauki misalin bokiti biyu: na farko yana rufewa a shafi biyu, na biyu ya fi shi araha da kashi 20 cikin ɗari amma sai an yi shafi uku. Idan fentin shafi ɗaya na farkon naira 100 ne, aikin zai ci 200. Na biyun 80 sau uku, 240. Mai arahar ya fi tsada da kashi 20 cikin ɗari tun kafin a sa ladan mai shafi da hayar tsani na ƙarin kwana. Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007 ba ta ce a ba mafi araha ba. Ta ce mafi araha cikin waɗanda aka tantance suka cika sharuɗɗa. Idan sharaɗin bai wuce “farin fenti, lita 20” ba, kowa ya cika, kuma dokar da aka yi don kare dukiyar jama'a ita ce za ta miƙa kwangilar ga wanda ya fi kowa yanke markaɗe.

Ma'aunin Hegman yana da iyaka, kuma masu son a dogara da shi kaɗai suna yi wa batun illa. Manyan ƙwayoyi kawai yake nunawa. Ba ya cewa komai a kan sauran. Ƙasa da maikron biyar ido ba ya ba da tabbas, kuma mutum biyu na iya karanta allo ɗaya su saɓa da rabin lamba. Inda ake bukatar cikakken hoto, na'urar hasken leza ake amfani da ita bisa ƙa'idar ISO 13320: ana haska ƙwayoyin suna wucewa, daga yadda suka warwatsa hasken a lissafa girmansu. Rahoton yakan zo da lambobi irin D50 da D90. Ta farko na nufin rabin kayan sun gaza wannan girma, ta biyu na nufin kashi 90 cikin ɗari sun gaza shi. Ɗan kwangila mai wayo D50 zai nuna, domin tana da kyau a ido. Kaya biyu na iya zuwa da D50 iri ɗaya, ɗaya ƙwayoyinsa kusan kai ɗaya, ɗayan yana jan jelar manyan dunƙulaye, kuma a jelar nan ɓarna take. Akwai wata dabara kuma: kafin awo akan girgiza samfur da sauti mai ƙarfi don ya warwatse, idan aka tsawaita girgizar sai na'urar ta auna abin da ya fi na cikin bokiti kyau. Rahoton da bai faɗi yadda aka shirya samfurin ba rabin rahoto ne.

Maganin feshi ne inda talaka ke biyan kuɗin wannan sakaci da kansa. Kwalaben da ke ɗauke da haruffan SC a jikinsu gari ne da aka markaɗa a ruwa, galibi zuwa 'yan maikron kaɗan, kuma injin ƙwallaye ne ke yin aikin. Dokar Stokes, wadda ɗaliban kimiyya ke haddacewa, ta ce gudun nutsewar ƙwaya yana tafiya da faɗinta sau faɗinta: wadda ta ninka wata sau goma a faɗi za ta riga ta zama a ƙasa sau ɗari. Maganin da ba a markaɗa da kyau ba yakan kwanta a gindin kwalba ya daskare, ko ya kwanta a cikin goyon feshi manomi yana tafiya, sai wasu kunyoyin su sha ruwa kusan zalla, wasu su sha mai kauri har ganye ya ƙone, bakin famfon kuma ya toshe. Wanda ya ga manomi yana hura bakin famfon feshi da bakinsa ya ga ƙarshen wannan silsila. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta daɗe da sanya gwaje-gwaje a ƙa'idojinta: a tace maganin ta rariya mai maikron 75 a auna abin da ya maƙale, a auna nawa ke ci gaba da shawagi bayan an dama an ajiye, sannan a ajiye kwalba kwana 14 a zafin digiri 54 a sake gwadawa. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne dacewa da ƙasar da kayan tallafi ke iya kwana watanni a sito mai rufin kwano kafin a yi bikin rabawa.

A magani lamarin ya kai ga rai. A farkon shekarun 1970 likitoci a Birtaniya suka gano cewa ƙwayoyin digoxin, maganin zuciya, masu nauyin sinadari iri ɗaya suna ba da ƙarfi mabambanci a jini, kuma girman garin da aka yi su da shi yana cikin manyan dalilai. Daga irin wannan darasi ne gwajin narkewar ƙwayar magani ya samu gindin zama. A yau wasu magunguna ba su da rayuwa sai da injin ƙwallaye. Allurar cabotegravir mai dogon zango, ta rigakafin cutar HIV, gari ce da aka markaɗa zuwa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na maikron, kuma girman ƙwayar na daga cikin abin da ke tsara yadda take sakin magani tsawon makonni. Magungunan ruwa na yara masu rubutun “a girgiza kafin a sha” ba dukkansu ne ke bi ta wannan inji ba, amma tambayar ɗaya ce: shin cokalin farko da na ƙarshe ƙarfinsu ɗaya? A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya ɗauke haraji daga injuna da kayan haɗa magunguna domin a ƙarfafa masu yi a gida. Mataki ne mai kyau. Amma injin da ya shigo ba haraji, idan babu na'urar awo a gefensa da ma'aikacin da ya iya karanta ta, zai haifar da kayan da ba wanda ya san girman ƙwayarsu. NAFDAC, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga zuwa mataki na uku na ƙwarewa a 2022, tana duba waɗannan bayanai wajen rajista. Mai saye na gwamnati shi ya kamata ya nemi takardar gwajin kowane rukuni da aka kawo masa, ya kuma duba lambar rukunin ta yi daidai da ta jikin kwali.

Akwai masu ja, kuma a wasu wuraren da gaskiyarsu. Ba kullum ƙarin laushi ke nufin ƙarin kyau ba. Fentin ruwa na bango, wanda shi ne mafi yawan abin da gwamnati ke saya, yawanci ba ya shiga injin ƙwallaye sam; injin damawa mai gudu ya ishe shi, kuma an so ya zama marar sheƙi, da gangan ake sa masa garin farar ƙasa da na dutsen alli masu ɗan girma. Wanda ya rubuta Hegman bakwai a kansa ya nuna bai san abin da yake saya ba. Wuce gona da iri a markaɗe yakan kaurara ƙullu, ya canza launi, ya sa ƙwayoyin su sake manne wa juna idan sinadarin warwatsawa bai isa ba. Masana'antar man fetur ta fahimci haka tuntuni. Ƙa'idar API ta garin barayit, ma'adinin da ake haƙa a Azara ta jihar Nasarawa ana zuba shi a laka ta haƙar rijiyar mai, ta kafa iyaka ta sama da ta ƙasa: abin da ya wuce maikron 75 kada ya haura kashi 3 cikin ɗari, abin da ya gaza maikron 6 kada ya haura kashi 30. Niƙan barayit busasshe ne, da wani inji daban, amma salon rubuta sharaɗin shi ne abin koyi: a faɗi zango, a faɗi hanyar awo, kuma kowane irin kaya da nasa zangon.

Ja na biyu ya fi nauyi, domin ya san halin gida. Duk wani sabon sharaɗin fasaha na iya zama makami a hannun wanda ke son ɗinka kwangila daidai jikin abokinsa: a kwafo lambobi daga takardar kamfani guda, a ce su ne sharaɗi, sauran su faɗi tun a zagayen farko. Haka kuma ƙananan masu haɗa fenti a Kano da Aba da Mararaba ba su da kuɗin na'urar leza. Wannan haɗari na gaske ne, amma maganinsa ba shiru ba ne, domin shirun ma wani yake yi wa aiki. Maganinsa shi ne kada lambar ta fito daga aljihun jami'i ɗaya. BPP da Hukumar Kula da Ingancin Kaya, SON, tare da ƙungiyar masu yin fenti, su zauna su fitar da jadawali guda na kowane rukunin kaya, a buga shi a fili, a saka shi cikin takardun tayi na bai-ɗaya da kowace ma'aikata ke kwafa. Ƙaramin mai sana'a kuwa allon Hegman yake bukata, ba leza ba, kuma shi ne zai fi kowa cin moriya, tunda a karon farko zai sami hanyar nuna cewa kayansa sun kai na mai babban suna.

Wasu za su ce ai akwai tambarin MANCAP na SON a jikin bokiti. Tambarin shaida ce cewa an duba masana'anta kuma samfurin da aka ɗauka a wani lokaci ya cika ƙa'ida. Ba ya magana a kan rukunin da aka markaɗa ranar da janareta ya tsaya sau uku ƙullu yana cikin tukunya. Tsakanin takardar shaida da motar da ta tsaya a bakin sito akwai tazara, kuma mai saye ne kaɗai yake tsaye a wurin.

Abin da ake bukata a bakin sito kaɗan ne. A zaɓi bokiti daga tsakiyar lodi, ba wanda ɗan kwangila ya miƙo ba. A motsa shi har gindi, a ja a kan allo sau uku, a rubuta lambobin a takardar karɓar kaya tare da lambar rukuni. A shafa a kan kati mai rabi baƙi rabi fari a ga ko ya rufe. A cika ƙaramin gwangwani biyu, a liƙe, ɓangarorin biyu su sa hannu, ɗaya ya zauna a sito har lokacin garanti ya ƙare, domin ranar da Ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi ya zo da tambaya a sami abin kaiwa ɗakin gwaji. Maganin feshi da na sha su tafi ɗakin gwajin da aka amince da shi bisa ISO/IEC 17025 kafin a saki kuɗin ƙarshe. Shi kansa allon yana cinyewa, makankarinsa na dakushewa, don haka dole a riƙa daidaita shi. Aikin da Cibiyar Awo ta Ƙasa da ke Enugu ta dace da shi ke nan.

Hadimai da mataimaka na musamman, waɗanda ke tsara takardar da minista ko babban sakatare zai karanta cikin minti biyar, suna da tasirin da ba su cika lura da shi ba. Tambaya ɗaya a gefen fayil, wadda ke neman a nuna sharaɗin laushi da hanyar awonsa da wanda zai auna, tana iya mayar da takarda sashen sayayya a gyara ta. Sai dai lokacin yin tambayar gajere ne. Dokar 2007 ta hana a tantance tayi da wani ma'aunin da ba a rubuta a takardar gayyata ba, don haka jami'in da ya gano tsaki a fenti bayan an buɗe tayi ba shi da ikon ƙin kayan a kan wannan dalili, ko da allon yana hannunsa. Layin dole ya shiga tun lokacin da kwamitin tsara sayayya ke zamansa na farkon shekara, kafin sanarwar ta fita a jarida.